Hannun Baba Sannu

Hanyar da ta haɗa ƙauyukan fadama da gari ba a shimfiɗa ta domin mota ta wuce mota ba. Waɗanda suka yi ta sun auna faɗinta da abin da suka sani a zamaninsu, lokacin da mota uku ko huɗu ne kan bi ta a yini, sauran kuwa kekuna da amalanke. Daga baya motoci suka yi yawa, ita kuwa ta tsaya yadda take, har ma ta rage, domin kowace damina ruwa kan ɓantare mata gefe. Mafi wuyar sha'ani a cikinta shi ne wani yanki mai tsawon kilomita tara wanda direbobi ke kira datsi. Ƙasa ce aka tara a tsakiyar fadama aka zuba mata kwalta. Hagu da dama gonakin rake ne da suka fi ƙaramar mota tsayi, hanyar kuma tana lanƙwasa a tsakaninsu, gefenta laka ce mai haɗiye taya. Wanda ke cikin ƙaramar mota ba ya ganin abin da ke zuwa sai ya kusan iso shi.

A kan wannan ne direbobin hanyar suka yi wa kansu wata ƙa'ida wadda ba a taɓa rubuta ta a ko'ina ba. Duk mai babbar mota da ke tafiya a hankali, tun da kujerarsa tana sama yana hangen abin da rake ya ɓoye wa wasu, shi ne idon na bayansa. Yakan fito da hannu ta taga. In ya kife tafinsa yana dannawa ƙasa, yana nufin wani abu na zuwa, a jira. In ya kaɗa shi gaba, hanya ta buɗe, a wuce. Wanda ya wuce kuma yakan danna hon sau biyu gajeru, godiyar ke nan. Alamun hannu biyu ne kacal, babu ta uku. Wannan abin lura ne, domin a kansa rayuwar mutumin da ake magana a nan ta karye.

Ba a san wanda ya fara kiransa Baba Sannu ba, amma ba a buƙatar bincike kan dalili. Shekara talatin da ɗaya yana ɗaukar ƙwai daga wata gonar kaji da ke ƙarshen hanyar zuwa kasuwar gari, a cikin wata tsohuwar babbar mota mai shuɗin kai da bodin katako. Kiret a kan kiret, an jera har sama, an ɗaure da igiya, an rufe da tamfol. Mai irin wannan kaya ba ya gudu, ba ya taka birki da ƙarfi, ba ya faɗa wa rami. Tafiyar da ƙananan motoci ke yi cikin ƙasa da awa ɗaya, shi yakan ci awa biyu da rabi a kanta, kuma da wuya a samu ƙwai goma fasassu a cikin lodinsa. Ya koyi tuƙi a hannun wani tsohon direban motar katako, mutum mai faɗa, wanda ya taɓa buge masa hannu da sanda don ya kaɗa wa wata mota hannu kafin ya duba sau biyu.

“Wannan hannun,” in ji tsohon a ranar, “in ka fitar da shi ta taga ba naka ba ne. Ran mutum shida ne a tafinka.”

Baba Sannu ya riƙe wannan magana fiye da yadda ya riƙe komai. Direbobin da suka yi zamani da shi sun haɗu a kan abu ɗaya: ba su taɓa jin ya kaɗa hannu an wuce an yi karo ba. Akwai masu manyan motoci da kan kaɗa hannu don a rabu da su da hon, akwai masu mantawa da cewa akwai mutane a bayansu. Hannun Baba Sannu kuwa, in ya ce a wuce, direba kan taka totur ko da bai ga komai ba sai ganyen rake. In ya ce a jira, ko wanda ya fi kowa rawar kai yakan koma layi.

Wannan bai hana su yi masa ba'a ba. A teburin mai shayi da ke bakin tasha, inda yakan tsaya bayan ya sauke kaya, shi ne abin taɓawar kowa. Wanda ya fi matsa masa shi ne ɗan ƙanwarsa, direban tasi mai launin ɗorawa, wanda ake kira Guguwa saboda ba ya iya zama a bayan kowa.

“Kawu, sannu da zuwa. Yau ma da ƙwai ka iso, ko sun ƙyanƙyashe a hanya?”

“Sun ƙyanƙyashe,” Baba Sannu kan ce, yana hura shayinsa. “Har sun yi fiffike. Ɗaya ta tambaye ni wane ne wannan mai hon kamar an taka wa akuya wutsiya, na ce ɗan ƙanwata ne, a yi haƙuri da shi, tun yana goye haka yake.”

“Wallahi jiya wata tsohuwa da itace a kanta ta wuce shi,” Guguwa ya gaya wa sauran. “Har ya kaɗa mata hannu!”

“Ita ta yi godiya. Kai fa?”

Ana dariya, amma kowa a wurin ya san Guguwa bai taɓa wuce kawunsa a kan datsi ba tare da hannu ba.

Matsalar idon ta fara ne a shekararsa ta sittin da biyu, kuma ta zo a hankali kamar mai ita. Da fari ya ɗauka gilashin motar ne ya yi datti, ya riƙa goge shi da safe da rana. Sai ya lura ko ya sauko daga motar, dattin yana nan. Abin da ke kusa yana ganinsa: sitiyari, gefen kwalta, ramin da ke taku ashirin a gabansa. Abin da ya wuce haka ya zama kamar ana kallonsa ta bayan farin ƙyalle. In rana ta haska kai tsaye kuwa, sai komai ya narke ya zama fari.

Matarsa ce ta fara ganewa. Wata safiya ya zo zuba ruwan zafi a kofi ya zuba rabinsa a kan tire. Ta ɗauko tsumma ta goge. Bayan kwana biyu ta gan shi a ƙofar gida yana gaida rigar maƙwabci da aka shanya a kan igiya.

“Maigida, wa kake gaisarwa?”

Ya tsaya, ya matsa kusa, ya ga abin da ya gaisar. “Ai rigar ma ta fi mai ita amsa gaisuwa,” ya ce.

Ba ta yi dariya ba. “Ka je asibiti.”

Ya je, ba tare da ya gaya wa kowa ba sai ita. Likitar ta haska masa fitila a ido ɗaya bayan ɗaya, ta ce yanar ido ce ta rufe duka biyun, na dama ya fi. Abu ne da ake cirewa, amma masu jira suna da yawa, sai bayan wata huɗu layi zai zo kansa. Ta tambaye shi sana'arsa. Da ya faɗa, ta ajiye biro.

“Baba, kada ka sake tuƙi sai an yi aikin.”

“Ko a hankali?”

“Ko a hankali.”

Ya fito ya zauna a kan benci a harabar asibitin ya daɗe. Ya san mai gonar kajin mutumin kirki ne, amma kaji ba sa daina ƙwai don direba yana jiran likita. In ya ajiye makulli wata huɗu, wani ne zai ɗauka, kuma wanda ya ɗauka ba zai mayar ba. Daga wannan motar gidansa ke ci. Bayan haka akwai wani abu da bai iya faɗa wa ko matarsa ba: bai san wane ne shi ba in ba a saman kujerar nan yake ba, da jerin motoci a bayansa suna jiran hannunsa.

Sai ya yi wa kansa wani sharaɗi wanda a ganinsa ya raba shi da laifi. Zai ci gaba da tuƙi, domin ya san hanyar kamar tsakar gidansa, ya san kowane rami da kowace kwana. Zai ƙara rage gudu. Kuma ba zai taɓa kaɗa wa kowa hannu ba sai ya tabbata. Inda hanya ke da faɗi, zai rakuɓe gefe a wuce shi. A kan datsi kuwa, inda babu gefe, zai kife tafinsa ya riƙe kowa a bayansa har a fita. A tunaninsa, wanda aka ce wa ya jira ba ya mutuwa.

Wata biyu haka aka yi. Layin motoci a bayansa ya riƙa tsawo, wata rana har goma sha biyu. Direbobi suka fara gunaguni.

“Kawu, hannun nan ya sage ne?” Guguwa ya tambaye shi a wurin mai shayi. “Kwana nawa rabon da ka kaɗa shi? Ko sai mun haɗa maka man zafi?”

“Hanya ta yi yawan motoci.”

“Waɗanne? Shekaranjiya na bi ka daga farkon datsi har ƙarshe, babur biyu kawai na ƙirga.”

“To ka ga babur biyun ba ka take su ba.”

Aka yi dariya aka bar zancen. Sun ɗauka tsufa ne ya ƙara masa tsoro, kuma a sana'arsu tsoron tsoho ba abin kunya ba ne.

Ranar da abin ya faru, an kwana ana ruwa, gari ya waye tas. Wajen ƙarfe goma na safe ya hau datsi da cikakken lodi. Rana tana gabansa, jiƙaƙƙiyar kwalta tana mayar masa da haskenta a fuska. Bai yi nisa ba ya ji hon a bayansa. Ya san hon ɗin Guguwa, yakan danna shi sau uku cikin tsokana. Wannan ba irin waccan dannawar ba ce. Dogo ne, ba ya yankewa. Ya duba madubi ya ga wani abu mai launin ɗorawa da fitilu biyu a kunne.

Sai ya ji muryar, tana zuwa masa a yayyanke ta cikin ƙarar injin.

“Kawu! Kawu! Sarar maciji ne! Mace ce! Ba ni hannu!”

Matar mai injin niƙa ce ta ƙauye na biyu. Ta shiga gona da sassafe, maciji ya sare ta a ƙafa. Mijinta ne ke riƙe da ita a kujerar baya. Baba Sannu bai san wannan ba sai daga baya. Abin da ya sani a lokacin shi ne akwai rai a bayansa, kuma ana jiran hannunsa.

Ya miƙa wuya, ya manna ƙirjinsa da sitiyari, ya ware idanu. Fari. Ya rufe na dama ya duba da na hagu. Can gaba akwai wani duhu a gefen hanya, ko inuwar rake ce, ko motar yashi ce mai tahowa, bai iya rarrabewa ba. Ya kasa kunne, amma hon ɗin Guguwa da injinsa sun cika duniya. A madubi ya ga launin ɗorawar ya fara leƙowa ɗaya hannun, Guguwa ya fito da kan motarsa zai wuce.

Hannun Baba Sannu ya fita ta taga kafin ya yanke shawara. Tafin a kife, yana dannawa ƙasa.

Tasin ta koma layi.

Ya taka totur. Motar da ta shekara ba ta wuce giya ta uku ba ta yi gurnani ta ƙara sauri kaɗan. Tayar baya ta faɗa wani rami, ya ji kiret-kiret sun motsa, ya ji wannan ƙarar da ya tsana fiye da kowace ƙara. Bai sassauta ba. Amma iyakar abin da motar ke iyawa da irin wannan lodi bai kai rabin gudun tasi ba.

“Kawu! Don Allah! Me ke zuwa?”

Me zai ce? Duhun da ya hango ya matso ya zama kurmin rake kawai. Ya ɗaga hannun zai kaɗa, sai wani duhun ya bayyana a gaba, a bakin kwana. Ya sake kife tafin. Ya tuna mutum shidan da tsohon ya ce suna cikin tafinsa. In ya kaɗa, kuma duhun nan ya zama mota, to ba mace ɗaya ba ce, har da mijinta, har da ɗan ƙanwarsa, har da waɗanda ke tahowa. Gumi ya riƙa gangaro masa yana shiga idanu, ya ƙara masa hazo a kan hazo. Sau uku tasin tana leƙowa. Sau uku hannunsa yana mayar da ita.

Can wajen rabin datsin hon ɗin ya daina. Wannan shirun ya fi masa ciwo. Guguwa ya yarda da shi, ya haƙura, yana binsa a baya kamar kullum.

Sun fita daga datsi bayan minti ashirin da ɗoriya. A duk tsawon wannan lokaci babu abin da ya zo daga gaba, ko keke. A wurin farko mai faɗi ya rakuɓe, tasin ta wuce shi kamar an harba ta. Ba a danna hon sau biyu ba. Ta gilashin baya ya ga siffar wani mutum ya juyo yana kallonsa, amma bai ga fuskar ba.

Ya kai kayan kasuwa. Kiret goma sha huɗu sun fashe, ƙwai yana ɗiga ta tsakanin katako. Masu saukewa suka yi ta mamaki, ɗaya ya ce, “Baba, yau tsere ka yi?” Bai je wurin mai shayi ba.

Da la'asar Guguwa ya zo gidan. Ya gaida matar kawunsa a tsakar gida, ta shimfiɗa masa tabarma, ya ƙi zama. Baba Sannu yana kan kujerarsa a ƙarƙashin rumfa.

“Ta rasu,” Guguwa ya ce. “Mun isa da ranta. An yi mata allura. Wajen azahar ta cika.”

Baba Sannu ya sunkuyar da kai ya yi mata addu'a a hankali.

“Na tambayi ma'aikaciyar jinyar ko da mun riga haka isa da ta tashi. Ta ce ba ta sani ba. Ta ce wani kan zo da wuri ya tafi, wani kan zo a makare ya tashi.” Guguwa ya dube shi. “Kawu, me ka gani?”

Guguwa ya matso kusa da kujerar.

“Sau uku ina leƙawa. Ni dai ban ga komai ba har kwana. Amma na ce kai kana sama, kana ganin abin da ba na gani. Mijin yana ta ce mini in wuce, in wuce, na ce masa hannun Baba Sannu ne, ba a tsallake shi. Ni na gaya masa haka da bakina. To me ka gani?”

Matar Baba Sannu ta tsaya da tsintsiya a hannu tana kallon mijinta.

“Ba na gani,” in ji Baba Sannu.

“Ban gane ba.”

“Idona. Wata biyu ke nan, ko fiye. In abu ya wuce taku ashirin ba na rarrabe shi. Inda kake tsaye yanzu, da muryarka na san kai ne.”

Guguwa ya zauna a kan tabarmar da ya ƙi ɗazu.

“To da ka bar hannun a ciki mana,” ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. “Da ba ka fito da shi ba sam, da na yi amfani da idona. Idona lafiya lau yake, Kawu. Da na wuce tun a kilomita na farko.”

Wannan ne abin da bai taɓa zuwa wa Baba Sannu a rai ba, a duk watannin da ya yi yana shirya sharaɗinsa. Ya ɗauka kife tafi shi ne yin shiru. Alhali a kan wannan hanya kife tafi magana ce, cewa ce na duba na ga wani abu yana zuwa. Wata biyu yana faɗa wa mutane abin da bai gani ba, suna gaskata shi saboda shekara talatin da ɗaya bai yi musu ƙarya ba. Babu alamar da ke cewa ban sani ba, shi kuma hannunsa bai saba zama a ciki ba in ana kiransa.

Bayan Guguwa ya tafi, matar ta zo ta zauna kusa da shi.

“Me ya sa ba ka tsaya ba? Ka tsaya cak, ka leƙo ka gaya masa.”

Ya juya tambayar a ransa. Zai iya cewa gefen laka ne, zai iya cewa an hore shi kada ya tsaya a kan datsi. Duk gaskiya ne, amma ba su ne amsar ba.

“Bai zo mini ba,” ya ce.

Washegari ya je ta'aziyya. Guguwa ne ya kai shi. Mutane suna zaune a ƙofar gidan, injin niƙan yana rufe da buhu a cikin rumfarsa. Da aka ga wanda ya zo, hirar ta yanke. Ya durƙusa a gaban mijin ya yi gaisuwa yadda ake yi, sannan ya faɗi abin da ya faɗa wa Guguwa, a gaban kowa, bai rage komai ba, har da maganar likitar da ta hana shi tuƙi.

Mai injin niƙan mutum ne siriri, har yanzu akwai farin gari a gashin girarsa. Ya saurara har ƙarshe.

“Na yi zaton mugunta ce,” ya ce. “Jiya ban runtsa ba ina tambayar kaina me muka taɓa yi maka. Yanzu ka ce ba mugunta ba ce.” Ya murza tafukansa. “Ban san wanne ya fi sauƙi ba, Baba. Kwananta ne ya ƙare. Je ka.”

Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Baba Sannu ya jira kaɗan ko za a ƙara wani abu. Ba a ƙara ba.

Daga nan ya sa Guguwa ya kai shi gonar kajin. Mai gonar yana cikin ɗan ofishinsa mai warin dusa. Baba Sannu ya ajiye makullin a kan tebur, da ɗan guntun fatar da ya ɗaura masa tun motar tana sabuwa.

“Yallaɓai, na zo in ajiye.”

Labari ya riga shi isa. Mai gonar ya kalli makullin bai taɓa shi ba. “Da ka gaya mini, Baba. Da mun san yadda muka yi.”

“Da yaya za ka yi?”

Shi ma mai gonar ya san amsar. A ƙarshen makon wani direba mai matsakaicin shekaru ya karɓi motar.

An yi masa aikin ido bayan wata biyu, kamar yadda aka yi alkawari. Na hagu ya washe sosai, har yana iya karanta lambar mota daga nesa. Na dama bai yi kyau ba. Bai nemi a mayar masa da makulli ba, ba a kuma yi masa tayi ba. Yanzu yana zama a wata 'yar rumfa kusa da gidansa yana sayar da man birki da igiyoyin ɗaure kaya. Direbobi kan tsaya su saya, su gaishe shi da ladabi. Ba'ar ce babu. Ya taɓa gaya wa matarsa cewa da za a samu wanda zai sake tambayarsa ko ƙwai sun ƙyanƙyashe, da ya ba shi igiya kyauta.

Abin da ya faru a datsi bai tsaya a kansa shi kaɗai ba. Labarin ya zaga tasha, kowane direba ya yi nasa lissafin: in har hannun Baba Sannu zai iya cewa a jira alhali bai ga komai ba, to hannun wa ya rage? Masu manyan motoci ba su daina fito da hannu ba, amma na baya sun daina dogaro da shi. Wasu kan wuce ko an ce su jira. Wasu kan ƙi wucewa ko an kaɗa musu. Masu zama a bakin hanyar sun ce layin motoci a kan datsi ya fi na da tsawo, hon kuma ya fi yawa.

Ranar da zai koma asibiti a duba masa idon karo na ƙarshe, Guguwa ya ɗauke shi a kujerar gaba. A kan datsi suka tarar da wata motar noma tana jan tirela cike da rake, tana tafiya kamar ba ta so. Suka bi ta a baya. Bayan ɗan lokaci direbanta ya fito da hannu ya kaɗa shi gaba, sau biyu, a fili.

Guguwa bai taka totur ba.

“Ya ba ka hannu,” in ji Baba Sannu.

“Na gani, Kawu.”

Ya karkata motar kaɗan, ya leƙa da kansa ta taga, ya ga kwana ta rufe masa gaba, ya dawo layi. Direban motar noman ya sake kaɗa hannu, ya gaji, ya mayar da shi ciki. Baba Sannu ya duba da idonsa mai kyau, amma daga wannan kujera ta ƙasa babu abin da ake gani sai rake da bayan tirela. Ya ɗora tafinsa a kan gwiwa ya riƙe shi da ɗayan. Haka suka bi ta har ƙarshen datsi.